Baba Jabiru, Kocin da Ya Hana Mu Jefa Ƙwallo

Kafin a tayar da sallar asuba a masallacin da ke bayan gidajen leburori a Khumra, Baba Jabiru ya riga ya zagaya motarsa sau biyu. Kosta ce fara, ta kamfanin da yake yi wa tuƙi. Yakan daki kowace taya da ƙafa, ya duba ruwa da mai, ya goge madubi, sannan ya shiga sahu. Ana sallamewa sai ya kwashi masu shara da masu ban-ruwan furanni da masu gyaran famfo, ya ratsa Jidda tun daga kudu har Abhur, inda manyan gidaje suke a bakin teku. Shekara ashirin da shida ke nan yana bin hanyar nan, kuma kullum a layin dama. Fasinjojinsa sun rantse cewa bai taɓa wuce mota ba sai wadda ta lalace. Sun ce akwai ranar da wani mai keke ya sha gabansu, ya waiwayo ya tambaya ko lafiya.

Wata mai zuwa Baba Jabiru zai ajiye makulli. An buga masa takardar fita ta ƙarshe, zai koma Ringim wurin iyalinsa. Na ce ba zai tafi ba sai na rubuta wannan, domin duk faɗin Jidda babu wanda ya kai ni sukarsa. Ni ne Zaharadden, ina aikin tafinta a wani asibiti, kuma shekara tara na yi ina tsaye a bakin fili ina ce wa dattijon nan matsoraci. Ba a kan tuƙi ba, a kan ƙwallo.

Ba ƙwallon ƙafar da kuka sani ba ce. Ta Amurkawa ce, mai siffar gwanda, wadda ake ɗauka da hannu. Ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma, in kun ci a sake ba ku huɗu, har ku kai ƙwallon gidan abokan hamayya a ƙarshen fili. Hanyar ci biyu ce. Ko dai a miƙa wa mutum ƙwallo ya rungume ya ruga, ko kuma a jefa ta sama wani ya cafe can gaba. Gudu yakan ba da yadi uku ko huɗu. Jifa kuwa yana iya ba da talatin lokaci guda, kuma shi ne abin da ɗan kallo ya bar gidansa ya zo gani. Mu irin wadda ba a kokawa muke yi: kowa yana ɗaure da ƙyalle a ƙugu, in aka fizge naka sai ka tsaya a nan.

Baba Jabiru ya koyi wasan ne a zaman jira. In ya sauke ma'aikata a wani rukunin gidaje na Abhur, sai ya wuni a inuwa har su tashi. Akwai wasu Amurkawa a gidajen da ke bugawa a kan ciyawa da yamma, wata rana suka rasa mai riƙe musu igiyar awon yadi goma, suka yafito shi. Shekara huɗu ya yi yana riƙe igiya bai ce uffan ba, ashe yana haddacewa. Daga baya ya tara mutanenmu na unguwannin Hindawiyya da Khumra, ya samu wani fili mai yashi a bayan rumbunan ajiya, ya ja layi da toka, ya zama kocinsu. Suka sa wa kansu suna Zakunan Hindawiyya. Sauran ƙungiyoyin da muke karawa da su, 'yan Filifin na rumbuna da ɗalibai da mutanen Abhur ɗin nan, Kunkuran Hindawiyya suke ce mana, kuma ba mu da bakin musu.

Ga yadda wasanmu yake kowace Juma'a bayan la'asar. Mish'al ne mai rabon ƙwallo, haifaffen Jidda, mai gyaran waya, mutumin da ke iya jefa ƙwallo ta tsallake tirela. Zai karɓi ƙwallo ya miƙa wa Othman. Othman ɗan dako ne a rumbun shinkafa, ƙato mai faɗin kafaɗa, zai rungume ta ya kutsa tsakiya ya ci yadi uku. Dama ta biyu, Othman. Ta uku, Othman. In ba a kai goma ba, Baba Jabiru ba ya gwada ta huɗu, sai ya ce a buga da ƙafa a mayar wa masu ita can nesa. Mish'al ya taɓa ce mini shi da ɗan aike babu bambanci, sai dai ɗan aike yakan ga gidaje daban-daban.

A haka muna cin wasu wasanni, ba na hana gaskiya. Abokan hamayya kan gaji da kallon Othman har su saki jiki. Amma 'yan Abhur ba mu taɓa cin su ba ko sau ɗaya a shekara tara, kuma kowa ya san wannan abu yana ci wa Baba Jabiru rai. Su ne mutanen da ya riƙe wa igiya. Duk ranar da suka doke mu, sukan dafa kafaɗarsa su ce ya yi ƙoƙari, shi kuma ya yi murmushi ya shiga mota, har mu kai Hindawiyya ba ya kunna rediyo.

Abin da ya fi ƙona mana rai shi ne muna da maganinsu a hannu. Muna da Saleh, tela a Hindawiyya, siriri mai dogayen yatsu. Na ga da idona ranar da wayar wata mata ta suɓuce daga bene hawa na uku, Saleh yana tafe da yadi a hammata, ya miƙa hannu ɗaya ya cafe bai ko tsaya ba. Irin wannan mutum Baba Jabiru yake turawa ya ruga can gaba kowane wasa, ba don a jefa masa ba, sai don ya ja mutum biyu su bi shi. Da farko ana bin sa. Da aka gane ba a jefa masa, sai aka daina. Saleh yakan isa gidan abokan hamayya shi kaɗai, ya tsaya yana ɗaga hannu, wani lokaci har ya gaisa da masu wucewa.

Mu 'yan kallo muna da shugaba, Hajiya Indo, mai sayar da fura da zoɓo a bakin fili. Ba ta san dokar wasan duka ba, amma ta san ba a jefawa.

"Malam Jabiru," takan ce, da muryar da ke kaiwa rumbu na uku, "a jefa mana ko sau ɗaya. Ko sai kafili, ubangidan da ke riƙe da takardunka, ya sa hannu?"

Shi kuwa ko waiwaye ba ya yi. Mish'al ya taɓa zuwa masa da waya, ya nuna masa yadda magoya bayan manyan ƙungiyoyin Amurka suke cika shafuka da ƙorafi a kan kocinsu, wai tsoro ya hana su jifa, wai sun fi son kada a ci su a kan su ci.

"Shuf, ya ammi, duba nan, kawu," in ji Mish'al. "Wallah har can ma mutane sun gaji. Irin abin da kake mana ke nan bizzabt, daidai wa daida."

Baba Jabiru ya sa tabarau ya duba a tsanake. Ya ce, "Waɗannan 'yan wasan nasu, ran Asabar wane aiki suke zuwa?"

"Ba su da wani aiki, ya ammi. Ƙwallon ce aikinsu."

"To su jefa," in ji shi, ya mayar masa da wayar.

Nan ne asirin yake, kuma ba ɓoyayye ba ne, mun sani sarai. Duk wanda ya zo shiga ƙungiya, Baba Jabiru ba ya tambayarsa ko ya iya gudu ko ya iya cafewa. Tambayarsa ɗaya ce: "Da me kake ci?" In ka ce direba ne kai, ba zai sa ka inda ake murɗa ƙafa ba. In da baya kake ci kamar Othman, ga gudu a yashi, ba ruwan bayanka. In kuwa da yatsu kake ci, to kai da cafe ƙwallo har abada. Ya ce ƙwallon nan mai tsini ce, in ta zo da ƙarfi ta sami kan yatsa sai ta lanƙwasa shi, kuma ba ta san tela ba. Matsalar ita ce duk masu iya cafewa a cikinmu da yatsu suke ci. Allah bai ba wa 'yan dako wannan baiwar ba. Mun gwada jefa wa Othman sau ɗaya a atisaye, ƙwallon ta dake shi a ƙirji ta dawo wurin wanda ya jefa.

Mun san dalilin, amma ɗan kallo ba ya zuwa fili da dalili. Ni kaina na sha ce masa, "Baba, wannan ba rigakafi ba ne, tsoro ne." Sai ya ce, "Zaharadden, sannu-sannu kwana nesa." In ce, "Shekara tara muna sannu-sannu, har yau ba mu bar tasha ba."

Shekara uku da suka wuce Allah ya ba mu abin da muke nema. Baba Jabiru ya tafi hutu gida, ya bar wa Mish'al riƙo tare da gargaɗi. Jirginsa bai gama tashi ba muka yi taro a shagon Na'ibi wanzami, muka yanke cewa zamanin kunkuru ya wuce. Saleh yana da ɗinkin babbar Sallah bai zo ba, sai Na'ibi ya ce shi zai cafe. Ranar muka kara da 'yan Filifin, kuma gani ya kori ji. Ƙwallo tana shawagi a sama, Na'ibi yana cafewa, Hajiya Indo ta yi guɗa har ta kifar da rabin zoɓonta. Mun ci su cin kaca. Ana saura minti biyu a tashi, Mish'al ya sake sako wata don ƙarin armashi, ta sami Na'ibi a kan yatsansa ɗan ali na hannun dama.

Ni na yi masa tafinta a asibiti. Likita ya ce mako shida, ni kuma na juya na ce masa mako shida da Hausa, kuma ban taɓa jin nauyin fassara irin na ranar ba. Saura kwana goma sha biyu a hau Arfa. Na'ibi a Mina yake samun abin da zai riƙe gidansa rabin shekara, wurin aske wa alhazai kai. Ya zauna a bakin gado yana kallon yatsan.

Baba Jabiru ya dawo bayan kwana huɗu. Mun zaci zai yi faɗa, har mun shirya wanda za mu ɗora wa laifi. Bai yi ba. Ya wuce shagon Na'ibi, ya cire hula, ya zauna a kujera.

"Ɗauko askar da hagu," in ji shi.

"Baba, ban taɓa yi da hagu ba."

"Shi ya sa na kawo kaina. Yalla, bismillah."

Ya fito da filasta uku a kai. Washegari ya zo da jerin sunaye, 'yan wasa da 'yan kallo, duk wanda ya yi tafi ranar nan, ya ce kowa zai miƙa kansa Na'ibi ya koyi aski da hagu. Sunana ne na biyu. Hajiya Indo kaɗai ta tsira, ita ma an ɗora mata furar masu jiran layi. Kwana bakwai Hindawiyya tana cike da maza masu kai kamar gonar da akuya ta shiga, amma kafin ranar Arfa hannun Na'ibi na hagu ya faɗa. Ya tafi Mina ya yi aikinsa. Har gobe akwai tabo a bayan kunnena, kuma na cancance shi.

Kai ne, Baba, ka yi mana wannan hukunci ba tare da ka ɗaga murya ba. Kai ne ka san cewa yawancin waɗanda ke shiga motarka ran Juma'a, in hannu ya tsaya abinci ya tsaya, wasu ma iƙamarsu, wato takardar zama, ba ta kai su ƙofar asibiti da daɗin rai. Mu muna ganin 'yan wasa, kai kana ganin magidanta.

Za ku zaci mun yi hankali daga nan. Mun yi, na wata biyu. Daga baya muka ce ai tsautsayi ne, kuma Saleh ba Na'ibi ba ne.

Sai ga wasan bana na ƙarshe, Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban, mu da 'yan Abhur a filinmu. Kowa ya san shi ne wasan Baba Jabiru na bankwana, in bai ci su ranar ba ya tafi Ringim da abin a ransa. Zafi da gumin teku suka taimake mu. Mutanen da suka saba da ciyawa da iska mai sanyi suka soma haki a yashin Khumra, Othman kuwa yana ta kutsawa, yadi uku, yadi huɗu, kamar mai sauke buhuna. Ana saura daƙiƙa ashirin, suna gabanmu da maki huɗu kacal, ƙwallo tana hannunmu, yadi goma sha biyu tsakaninmu da gidansu, kuma dama ɗaya ta rage. Ba mu taɓa zuwa kusa haka ba.

Baba Jabiru ya nemi a dakata. 'Yan wasa suka kewaye shi, ni ma na kutsa cikinsu, ba wanda ya gayyace ni. 'Yan Abhur duk sun taru a tsakiya suna jiran Othman, domin jaririn da aka haifa jiya ma ya san inda ƙwallon za ta.

Saleh ne ya fara magana, a hankali. "Baba, ba wanda zai bi ni. Ka bari a jefo mini. Sau ɗaya."

"Wallah a hankali zan sako ta, ya ammi," in ji Mish'al. "Shwayya shwayya, kamar ƙwai."

"Haka ka ce wa Na'ibi," in ji Baba Jabiru. Ya dubi Saleh. "Ɗinki nawa ke gabanka?"

Saleh ya sunkuyar da kai. Dukkanmu mun san shagonsa, yaduka sun kai rufi, na Larabawa da na mutanenmu, kowa yana son nasa kafin Sallah.

"Saba'in da huɗu, Baba. Amma yatsuna ne, ni na yarda. Don kai nake so."

Dattijon ya dubi gidan 'yan Abhur, fili fetal babu kowa, ya daɗe yana kallo. Ban taɓa ganin mutum yana son abu kamar yadda ya so shi a wannan lokacin ba.

"Mish'al," in ji shi, "miƙa wa Othman."

Saleh ya ruga ya tsaya a gidansu shi kaɗai, hannu biyu a sama. Othman ya rungumi ƙwallo ya shiga cikin mutum shida. Ya ci yadi biyar, abin da bai taɓa yi ba, aka fizge ƙyallensa, aka busa tashi.

Abin da na faɗa a wurin ba zan rubuta shi ba, azumi ya gabato. Hajiya Indo ta ɗaure kwanukanta ta ce ita da ƙwallon Amurka halas, an rabu ke nan. 'Yan Abhur suka zo suka dafa kafaɗar Baba Jabiru, suka ce ya yi ƙoƙari.

Bayan magariba ya sauke mu a Hindawiyya. Kowa ya fita ba sallama, ni ne na ƙarshe, ina shirin gaya masa sauran abin da ke bakina. Ya kashe mota, ya ja birkin hannu, ya ce, "Zaharadden, tsaya." Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro wata takarda, bayan tsohuwar kalanda ce, an naɗe ta har ta yage an liƙe da salatif. Ya buɗe a kan sitiyari. Zanen wasa ne. Ga 'yan da'ira a jere, ga Othman an nuna zai yi kamar ya karɓi ƙwallo ya ja mutane tsakiya, ga wata doguwar kibiya ta tashi daga Mish'al ta ratsa takardar har ƙarshe. A bakin kibiyar an rubuta Saleh da ajami.

"Yaushe ka zana wannan, Baba?"

"Ranar da na fara ganin ya cafe ƙwallo." Ya bi kibiyar da yatsa. "Da ta yi aiki, ka sani. Ko makaho ya ga za ta yi."

"To me ya hana?"

"Ina jiran Juma'ar da Saleh ba shi da ɗinki. In ba Sallah ba biki, in ba biki ba kayan makaranta. Shekara tara ina tambayarsa, ba ta zo ba."

Kunya ta kama ni, kuma na ji ina ƙaunar dattijon nan fiye da yadda zan iya gaya masa a cikin mota. Washegari da safe na bi ta shagon Saleh, na tarar keke yana ta ƙara, ya rataye kaftani biyu da ya gama.

Baba Jabiru, mun gode. Mun gode da wasannin da ka ci da waɗanda ka bari aka ci mu. Ka yafe mana bakinmu, ni da Hajiya Indo, wadda ta aiko in gaya maka halas ɗin nan nata ba har zuci ba ne. Kai ne ka fi kowa son nasarar nan, kuma kai kaɗai ne ka ƙi sayen ta da hannun wani. Allah ya kai ka Ringim lafiya, ya sa ka tarar da iyali lafiya, ya ba ka hutun da ka yi wa aiki.

Ku kuma da aka ɗora ku a kan mutane, ko kai shugaban leburori ne, ko mai gareji, ko uwar ɗakin girki, ku ɗauki wannan daga direban kosta. Kafin ka tura mutum inda za a yaba maka, ka san abin da zai rasa in abin ya ɓaci, ka kuma tuna ba kai za ka rasa ba.

Takardar tana wurina yanzu. Ya bar mini ita, ya ce duk ranar da Juma'ar ta samu a gwada, a buga masa waya ya ji yadda ta kaya. Na je na tambayi Saleh yaushe zai samu sarari. Ya ciro allura daga baki ya ce bayan Sallah akwai biki uku, sannan wata makaranta ta yi masa magana. Na ce masa Allah ya ƙara kasuwa, kuma har zuciyata nake nufi. Allah ya sa kada Juma'ar nan ta zo.